Yadda na sake haɗa wayoyin akwatin lasifikar jita don ya dace da amfilifayata

Akwatin ɗan gwanjo ne, irin mai lasifika huɗu 'yan inci 12, wanda ya sayar min ya ce 16 om ne (om shi ne ma'aunin tirjiyar da lasifika ke yi wa wuta), ga ma rubutu nan wani ya yi da maka a bayansa. Amfilifayar tawa kuma ta bawul ce, irin mai kwalaben nan da ke ɗaukar zafi, ramin lasifika biyu gareta, ɗaya na 8 ɗaya na 16. Amma kayan gwanjo Allah kaɗai ya san hannu nawa suka bi kafin su iso gareka, dan haka kafin in jona komai sai na ɗauko mita, na cusa waya a ramin akwatin, na taɓa tsinin jak ɗin, wato filogin wayar, da bakin mita ɗaya, jikinsa kuma da ɗayan. Mita ta ce 3 da ɗan wani abu.

Anan mutane da yawa ke rikicewa, domin mita ba za ta taɓa nuna maka 4 ko 8 ko 16 cif ba. Ita da wutar batir take auna tirjiyar koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin lasifika, shi kuwa adadin da kamfani ke rubutawa na lokacin da sauti ke bi ne, kuma yana hawa yana sauka gwargwadon kauri ko sirantar muryar. Kullum abinda mita ta nuna yana ƙasa kaɗan. Ka ga wajen 3, mai 4 ce. Ka ga 6 ko 6 da rabi, mai 8 ce. Wajen 12 zuwa 13 kuwa 16 ce. Kenan akwatin nan nawa 4 om ne, rubutun bayansa tsohon labari ne.

Na kwance notikan baya na buɗe, na zare wayoyin na auna kowace lasifika ita kaɗai, duk huɗun 16 ne, lafiyarsu ƙalau. Wani ne ya tattara duk jajayen wayoyi wuri ɗaya, baƙaƙe ma wuri ɗaya, wato faralal, ƙila dan ya samu ƙarin ƙara daga amfilifayar tiransista, irin wadda ba ta da kwalabe. A faralal in lasifikun ƙimarsu ɗaya ce raba kawai za ka yi da yawansu, 16 a raba gida huɗu ya ba da 4. A siris kuwa, inda ƙafar maines ta wannan ke shiga ƙafar fulos ta waccan kamar sarƙa, tarawa ake yi, 8 da 8 su ba ka 16. Duk lissafin kenan wallahi, sai in ƙimar ta bambanta, nan sai ka ninka biyun ka raba da jimlarsu, misali 8 da 16 a faralal 128 ne a raba da 24, ya ba ka 5.3, wanda babu ramin da ya dace da shi, kuma mai 8 ɗin za ta riƙa shan ninki biyu na wutar da mai 16 ke sha. Ni dai ban ga dalilin da mutum zai jawo wa kansa wannan ba sai in ba yadda zai yi.

Da lasifika huɗu masu 16 abu biyu ne masu amfani za ka iya samu dukkansu suna aiki daidai wa daida, ko 4 ko 16, ba ka samun 8. Na haɗa biyun hagu faralal suka zama 8, biyun dama ma haka, sannan na jera ɓangarorin biyu a siris: tsinin jak zuwa fulos ɗin hagu, maines ɗin hagu zuwa fulos ɗin dama, maines ɗin dama ya koma jikin jak. 8 da 8, 16. Irin dabarar da ke cikin akwatin kamfanin Marshall samfurin 1960 kenan, shi ya sa a bayansa za ka ga 4 ko 16 a mono, 8 kowane gefe in ka juya makunnin zuwa sitiriyo. Na narka dalma na kama kowace ƙafa da kyau, saboda akwatin jita girgiza yake yi ba wasa ba, 'yan maƙalan nan na turawa suna sakin jiki in sun tsufa.

Kafin in rufe sai gwajin batir, abinda wani dattijo mai gyaran rediyo ya koya min tun ina yaro. Ka samu batir mai bolt 9 ka ɗan taɓa fulos ɗinsa a tsinin jak, maines a jiki, taɓawa kawai ka ɗauke, kana kallon takardun lasifikun. Dole dukkansu su turo waje tare. In ɗaya ta shige ciki alhali saura na fitowa to wayarta a juye take, mita ba za ta gaya maka wannan ba, za ta nuna maka 12 ɗinka lafiya lau, amma kana kaɗa jita za ka ji sautin ya rame, kaurin ƙasan nan ya gudu domin wata na turawa wata na janyewa.

Me ya sa duk wannan wahala? Saboda amfilifayar bawul akwai tiransifoma tsakanin kwalaben da lasifika, kuma kowane rami an naɗa shi ne dan wani nauyi na musamman. Da na saka akwati mai 4 a ramin 16 kwalaben ne za su galabaita su mutu da wuri. Abinda ya fi wannan muni shi ne kunna ta babu lasifika sam, ko waya ta tsinke kana tsaka da kiɗa, wutar ba ta da wajen zuwa sai ta dawo da ƙarfi ta huda rufin wayoyin tiransifomar, kuma tiransifoma ba ƙaramin kuɗi ba ce in ma ka samu irinta. Ita ta tiransista tsoronta daban ne, yawanci ba ruwanta da rashin lasifika, abinda ba ta so shi ne ka sauka ƙasa da mafi ƙarancin da aka rubuta a bayanta, in an ce 4 ka ba ta 2 za ta yi zafi ta kashe kanta ko ta ƙone. Shi ya sa ma akwati mai lasifika biyu a siris yake ɗan ban tsoro a kan ta bawul, koyil ɗaya ya ƙone layin gaba ɗaya ya yanke.

Wani abokin kiɗana da ya zo gani yana cewa, Malam ai sai mu ƙara nawa akwatin a kai mu tashi unguwa. Nasa ma 16 ne. Na ce masa ba matsala in an haɗa su faralal, amma fa 16 biyu sun koma 8, sai a koma ramin 8. Sannan na ƙwace wayar da ya miƙo min, dan wayar jita ce, mai siririn zare ɗaya a tsakiya da raga a kewaye, ba a yi ta dan ɗaukar wutar lasifika ba, zafi take yi har ta narke. Wayar lasifika mai zare biyu masu kauri ake sakawa ko da bakin jak ɗin iri ɗaya ne.

Batun wat kuma, wato ƙarfin wutar da lasifika ke iya ɗauka, in ƙimar om ɗaya ce kowace lasifika kaso ɗaya take sha, sai ka ɗauki mafi rauni ka ninka da yawansu. Ka haɗa lasifika samfurin Greenback mai wat 25 da samfurin Vintage 30 mai wat 60, akwatin wat 50 ne ba 85 ba. Nawa na goge tsohon rubutun na rubuta 16 da kwanan wata a baya, na kuma manna zanen wayoyin a cikin murfin.