Na gaji da zama baƙo

Zuwa ga 'yan'uwa da abokan arziki na gida,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya ƙoƙari. Daga Istanbul nake rubuto muku, cikin wani ɗaki da na kama haya na wata biyu, saura kwana 9 in miƙa makulli. Shekara 11 ke nan rabona da kwana a ɗakin da zan ce nawa ne. Aikina a kwamfuta yake, duk inda na sami intanet nan ne ofishina, shi ya sa na yi ta yawo daga Masar zuwa Maleshiya, daga Fotugal zuwa Maroko. An ce tafiya mabuɗin ilmi, na kuma shaida, ba na nadama. Sai dai akwai abin da hotunan da nake turo muku ba sa nunawa: na gaji, irin gajiyar da barci ba ya yi mata magani.

Mai irin wannan rayuwa kullum cikin ƙirga yake. A ƙasashen Turai na yankin Shengen, mai bizar gajeren zama kwana 90 kacal gare shi a cikin kowane kwana 180. Ƙasashe da dama ba sa barin ka shiga sai da sauran wata 6 a fasfonka. Wasu kuma da zarar ka cika kwana 183 a shekara, haraji ya hau kanka. In ka je buɗe asusun banki a tambaye ka takardar shaidar adireshi, kai kuwa babu ko takardar kuɗin wuta ɗaya mai ɗauke da sunanka a duk faɗin duniya.

Sai kuma jaka, kilo 23 a yawancin jirage. Ina da wani ɗan ma'auni mai ƙugiya. Duk daren tafiya sai in rataye jakar in duba, in sauke, in zuge, in fara cire kaya. Littattafai ne ke fara fita saboda nauyi. A Lisbon na yi wata uku ina renon wani fure a tukunya bakin taga, ina ba shi ruwa kowace safiya. Makon da ya fara toho kwanakina suka ƙare, na miƙa wa wata dattijuwa maƙwabciyata, na kama hanyar filin jirgi. Har yau yana faɗo mini a rai.

Ranar 18 ga Maris 2020 ina Kuala Lumpur aka kafa dokar hana zirga-zirga saboda korona. Ko'ina a duniya magana ɗaya ake yi, kowa ya zauna a gida. Na zauna bakin gado ina jujjuya kalmar. A makonnin nan zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu, kuma a duk birnin mutum ɗaya ne ke da lambar wayata, mai ɗakin da nake haya. Mutanen suna da kirki ƙwarai, kawai dai ba su san da zamana ba.

Nan na gane abin da na rasa. Baƙo raɓa ne, kowa ya sani, shi ya sa ake kyautata masa amma ba a dogara da shi. Za a yi maka fara'a, a nuna maka hanya, a gayyace ka hira. Ba za a ba ka ajiya ba, ba za a tashe ka da tsakar dare a ce taimaka mu kai yaro asibiti ba, in ba ka zo ba kuma babu mai jin haushi. Da can wannan na ɗauka shi ne 'yanci. Yanzu so nake in zauna inda wani yake da haƙƙi a kaina, inda in aka kwana biyu ba a gan ni ba za a ce lafiya kuwa.

Ina yawan tuna Ibn Battuta, shahararren matafiyin nan ɗan Maroko. Ya bar Tanja a 1325 yana ɗan shekara 21 da niyyar aikin hajji, bai sake taka Maroko ba sai 1349. A Dimashƙ ya ji cewa mahaifinsa ya rasu tun shekara 15 da suka wuce, mahaifiyarsa kuma ta rasu 'yan watanni kafin ya iso. Duk da haka ya sake fita, ya je Andalus, ya ƙetare hamada zuwa Mali, sai a 1354 ya ajiye sandarsa. Mutane nisan tafiyarsa suke yabo, ni kuwa a kan iyayen nan biyu nake tsayawa. Ni ma ta waya na yi ta'aziyyar mutanen da ya kamata a ce ina tsaye a kansu.

Ƙannena masu shirin fita, ba cewa nake kada ku je ba. Ku je, ku gani. Amma ku bar wani abu naku a wuri ɗaya, ko da ɗaki ne, ku riƙa komawa kuna buɗe shi.

Ba zan ɓoye muku ba, ina jin tsoro. Na daɗe ina kafa hujja da cewa zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma na san bayan wata uku ƙafata za ta fara ƙaiƙayi. Ina kuma tsoron in iso in tarar kowa ya saba da rashina. Duk da haka na yanke shawara. Tikitin da na saya jiya na zuwa gida ne, babu dawowa. Zan kama gida na shekara guda cur, abu na farko kuma in kira kafinta ya kafa mini kantar littattafai a bango. In na iso na kasa gane yaranku da aka haifa a bayana, ku yi mini uzuri, ku faɗa mini sunayensu sau biyu.

Ku sa ni a addu'a.

Naku,
ɗan'uwanku a Istanbul