Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Motar Kwana Daga Damagaram Zuwa Abzin

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon zan jingine labari gefe, domin tambayoyi sun yi yawa a kan motar da ake kwana a cikinta, irin wadda masu yawon buɗe ido ke shiga duwatsun Abzin da ita. Gara in warware zancen tun kafin wani ya zuba kuɗinsa a banza.

Doguwar motar nan mai ɗaki da madafa da makewayi, ta kwalta ce. Daga Damagaram zuwa Agadas, wajen kilomita 450 ta Tanut da Adarbisanat, za ta lallaɓa. Daga can kuma ta gama aiki: cikinta yana kusa da ƙasa, bayanta dogo, da ta gangara ƙorama sai gindinta ya dafe a kan dutse. Abin da ke shiga Timiya da Iferwan, garuruwan cikin Abzin, shi ne kat-kat, wato mota mai ja da tayoyi huɗu, mai gazuwal, Land Cruiser ko Hilux, a ɗora mata tanti a sama, a shimfiɗa katako a baya da akwatuna a ƙarƙashinsa.

Babban abokin gaba a wannan tafiya nauyi ne, kuma nan nake so mu daɗe. Ɗauki mutum huɗu, kwana shida. Ruwa lita 10 ga kowane mutum a yini, sha da girki da alwala, ya zama lita 240, wato kilo 240. Motar da ke shan lita 13 a kilomita 100 a kwalta, cikin rairayi tana iya shan 20 zuwa 25. In zagayenka kilomita 600 ne, lissafa da 25, ka samu lita 150, ka ƙara sulusi saboda ɓatan hanya, ya zama 200. Abin da tanki bai ɗauka ba, bido, wato jarka, ne zai ɗauka. Ƙara mutanen da kansu, wajen kilo 300, tayoyin safaya biyu, tanti, batir na biyu, kayan gyara, abinci. Kafin ka ankara ka kusa tan guda, iyakar abin da irin waɗannan motoci ke ɗauka ke nan. Duk abin da ya haura, sifirin ne zai biya, ko tayar baya ta yi zafi ta fashe.

Wurin ajiye kayan ma magana ce. Ruwa da mai a ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure su tamau. Sama ta tanti ce da barguna. Raina yana ɓaci in na ga an jera bido shida a kan rufi: mota ta hau gefen tudun rairayi, man ya karkata, sai ta kwanta da mutane a ciki.

Sai iskar taya. A kwalta da kaya, kilo 2 da rabi zuwa 3 a ma'aunin iska. A rairayi mai laushi a sauke zuwa 1 da rabi, in ta kafe a kai 1. Tayar tana baje ƙafa kamar ta raƙumi, ta daina nutsewa. Amma da ka fito kan duwatsu ka mayar da iskar nan take, domin dutsen Abzin yana yanka gefen taya mai laushi, yankan da faci ba ya riƙewa. Saboda haka famfon iska mai aiki da batir da ma'aunin iska ba a barin su gida. In mota ta kafe, ɗaga ƙafa daga totur. Ƙarin wuta rami yake haƙa mata, ya ƙona kuloci. A share gaban tayoyi huɗu da shebur, a cusa faranta na ƙarfe ƙarƙashinsu, a tashi a giya ta biyu ta ƙaramin gudu, sannu.

Kowace yamma a kakkaɓe matatar iska, a zubar da ruwan da ya taru a gindin matatar gazuwal, a bi notuna da sifana, gargada tana kwance su. In an ratsa ciyawa, a duba gaban lagireto: ƙarangiya da busasshiyar ciyawa suna toshe shi inji ya tafasa, wadda ta maƙale a jikin salansa kuma tana iya kama wuta.

Wurin kwana: kar a kafa zango a cikin ƙorama, komai laushin rairayinta da inuwar gorubarta. Da damina ruwa yana sauka a kan duwatsu nesa, inda kake sama tas, cikin dare ya taho da itace da duwatsu. A hau tudu, a juya hancin mota wajen fita. Lokacin tafiya Nuwamba zuwa Fabrairu ne, kuma sanyin Janairu a can ba na wasa ba ne, bargo biyu kowa.

Gandun Abzin da Tenere ya haura murabba'in kilomita 77,000, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1991. Ba a farauta, ba a sare ɗanyen itace, a tafi da tukunyar gas. Kowa ya san Itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada har direba ya banke shi a 1973, yanzu gawarsa tana gidan tarihi na Yamai. Kuma ba a shiga da mota ɗaya, ba a shiga ba jagora Buzu masanin rijiyoyi, ba a shiga sai da izinin hukuma a Agadas da rakiyar da ta ce a ɗauka. In an ce hanya a rufe take, a juyo.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga lambunan Timiya.