Masararmu da harajin kwastan

Gandunmu yana wajen Saminaka, a ƙaramar hukumar Lere. Tun rasuwar mahaifinmu ni ke riƙe da lissafinsa, Baffa kuma shi ke faɗin abin da za a shuka da ranar da za a fitar da hatsi kasuwa.

A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara, alkama, wake da wani nau'in shinkafa na kwana 150, don abinci ya yi sauƙi. Mutanen gari sun yi murna, kuma ban ga laifinsu ba, ina da 'yan'uwa a Rigasa da ke awo kullum. Mu kuwa mun riga mun zuba takin tsada, mun biya tarakta da dako da kuɗin man da ya tashi tun cire tallafi a 2023. Muka adana masarar zuwa bazara kamar yadda aka saba. Bazara ta zo, farashi sai ƙasa yake yi. Tirelolin masu haɗa abincin kaji suka ragu, dillali ya soka buhu ya duba ƙwayar, ya yi tayi yana kallon wani wajen. Sai da ta kai mu sayar da buhun masara mu yi ciko kafin mu ɗauki buhun taki ɗaya.

Da Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, aka ce za su fara aiki Janairun 2026, jita-jita ta cika ƙauye cewa za a riƙa yankar kuɗi daga asusun banki. Baffa ya kira ni ya ce, "Je ka kwaso mana kuɗinmu." Na ce, "Baffa, a yi haƙuri in bincika tukuna." Abin da na gano shi ne naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, kuma riba ake dubawa, ba duk abin da ya shiga asusu ba. To amma wa zai yarda da ribarka in ba ka da shaida? Shi ya sa na sayi littafi, ina rubuta iri, taki, maganin feshi, kuɗin 'yan ƙwadago, har tikitin kasuwa da abin da ake karɓa a shingayen hanya. Waɗannan ƙananan, da na tara su, sun fi ba ni tsoro.

Na kuma raba asusun gandu da na gayaunata. Bana mun rage masara mun ƙara waken soya, tunda ba ya cin taki sosai, kuma mun amince a sayar da kashi ɗaya tun kaka. Baffa ya yarda, amma da sharaɗin rumbun gida ba a taɓa shi.