Talata, tsakanin Kabuga da Ɗan Agundi

Duk wanda ya bar Rijiyar Zaki bayan ƙarfe bakwai ya san abin da zai tarar a Kabuga, shi ya sa tun da na dawo daga masallaci nake azalzalar yara su sa takalmi. Hunturu ya shigo, ga hazo ga ƙurar aiki, farar shadda ba ta kai azahar da haskenta.

Mu mutanen yammacin Kano, daga Janguza har Ɗorayi, in mun zo Kabuga manyan ƙofofinmu na shiga gari biyu ne. Ko ka miƙe ta gaban kwalejin FCE ka faɗa Tal'udu, ko ka bi titin BUK ta Gadon Ƙaya da Ƙofar Na'isa har Ɗan Agundi. Yanzu kuwa duka biyun aikin gada ake yi, tun da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗora harsashinsu a shekararta ta farko. Na ajiye yara a makaranta na bi titin BUK.

Har Gadon Ƙaya tafiya lafiya lau. Daga nan sai muka fara jan ciki. Inda aka tsuke hanya da shingen kankare, sahu uku ne ke neman zama ɗaya, kuma kowa tasa ta fisshe shi. Mai adaidaita ya cusa hanci ta dama, mai Sharon ya matso ta hagu, wani mai tifar yashi yana ta danna hon kamar shi kaɗai ke sauri. Can gaba na hango wani ɗan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirga ta Kano, fuska duk ƙura, ya tsaya a daidai bakin matsin yana sakin mota ɗaya daga wannan sahu, ɗaya daga wancan. Abin da ya yi ke nan, ba wani abu ba, sai ga layi yana motsi. Na daɗe ina lura da wannan: a wurin matsi, hanya ta fi cin motoci in ana shiga bi da bi a hankali, fiye da in kowa ya taka mai ya taka birki. Amma da wani mai baƙin gilashi ya tsallaka hannun masu dawowa, sai mutum goma suka rufa masa baya, aka yi kiciɓis da masu fitowa daga gari, komai ya tsaya cak.

A nan wani saurayi ya ƙwanƙwasa mini gilashi. "Alhaji, biyo ni ta lungu, yanzu za ka fita." Na bi shi, da ni da wasu motoci.

Wannan lungun shi ya tsaya mini a rai duk yinin yau. Layin unguwa ne da aka yi don masu kura da 'yan makaranta, yanzu ya zama babban titi ba tare da an tambayi masu shi ba. Murfin kwata ya karye saboda nauyin da ba nasa ba, mazauna sun cike ramin da ɓaraguzan bulo. Wata dattijuwa mai ƙosai ta ja kaskonta har cikin soro. Samarin layin sun raba kansu, ɗaya a wannan kwana ɗaya a waccan, suna tsayar da mu yara su tsallaka, mai niyya ya miƙa musu ɗari ko ɗari biyu. Na ba wanda ya nuna mini hanya nasa na ce Allah ya yi albarka. A ganina hanyar da za a karkatar da mutane ita ma cikin aikin take. Kafin a rufe babban titi ya kamata a zuba wa irin waɗannan layuka tsakuwa, a bi da rola, a kafa alluna tun daga Kabuga masu nuna inda za a bi, kuma motar yayyafa ruwa ta riƙa leƙa su safe da yamma. In an gama gada kowa zai koma samanta, su kuma a bar su da layi duk ramuka.

Na isa kasuwar Kwari rana ta ɗaga. Maƙwabcina a kasuwa, wanda ke zuwa daga Na'ibawa, dariya ya yi mini, ya ce su sun sha tasu lokacin da ake gadar Dangi a zamanin Ganduje, yanzu kuwa wucewa suke kamar ba a taɓa yin shataletale a wurin ba. Gaskiya ne. Haka aka yi da gadar Ƙofar Nassarawa zamanin Kwankwaso. Sai dai na tuna masa cewa gada ba ta rage yawan abin hawa. Tun da aka hana acaɓa a Janairun 2013 adaidaita sahu ta cika garin nan, kuma duk wanda gada ta saka da gudu, mahaɗa ta gaba ce za ta karɓe shi.

Bayan magariba ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni, shi da ya karanta injiniyanci a BUK. Na ce masa na ga ginshiƙai a tsaye ba kowa a kansu, ko aikin ya tsaya ne? Ya ce, "A'a Kawu, kankare jira yake so. Sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, in aka ɗora masa nauyi tun yana ɗanye, ku da za ku bi ta ƙarƙashi ku za ku ji a jikinku." Ya ce abin da ya fi cin lokaci ma ido ba ya ganinsa: janye bututun ruwa, da turakun wuta, da wayoyin sadarwa da ke binne, sannan lambatu. Wai babban maƙiyin kwalta ruwa ne, in ya kwanta a ƙarƙashinta ya jiƙa jar ƙasar da aka danne, damina biyu sun isa su tarwatsa titi sabo ful. Na tambaye shi me ya hana a yi aikin da daddare. Ya ce ana yin wani, kamar zuba kankare da shigo da manyan ƙarafa, amma yana buƙatar fitilu da ma'aikata kashi biyu, kuma masu gidajen kusa ba za su runtsa ba.

Ya zana mini hanya a bayan takardar kuɗin wuta: daga Gadon Ƙaya in karya titin Yahaya Gusau, in ɓulla Sharaɗa, in shiga gari ta can. Zagaye ne, kuma da tsadar man nan tun da aka cire tallafi a 2023, sai na lissafa ko man da zan ƙona a zagayen ya kai wanda nake ƙonawa a tsaye. Gobe zan gwada. Na kuma yi wa maƙwabcina na gida magana mu riƙa haɗa yaranmu a mota ɗaya, mako ni mako shi, ya ce zai shawarci mai ɗakinsa.