Tsiron da na kashe da taki da ban ruwa

Ni ɗan masu lambu ne. Na buɗe ido na ga mahaifina yana zuba taki a komin albasa, safe da yamma muna jan ruwa. Shi ya sa da aiki ya kawo ni Edinbara ta ƙasar Sikotland, na samu gida mai ɗan fili a baya, ban taɓa zaton akwai shukar da za ta gagare ni ba.

A lambun tsirrai na masarauta da ke birnin, wanda asalinsa ke komawa 1670, na fara ganin tsiron da ya gagare ni. Suna da wani sashe na duwatsu zalla, an jera su kamar gefen tsauni. A wata tsaga na hangi wasu 'yan ganyaye sun yi da'ira, kowace ba ta fi murfin kwalba ba, sun cunkushe wuri guda. Gefen kowane ganye fari fat, sai ka ce an bi shi da alli. Allon da ke gefensa ya ce Saxifraga paniculata. Asalin sunan Latin ne, ma'anar Saxifraga mai fasa dutse. Gidansa tsaunukan Turai ne irin su Alps, galibi a kan dutsen farar ƙasa, kuma farin nan farar ƙasar ce yake tsotsowa da ruwa, ya fitar ta wasu 'yan ƙofofi a bakin ganyen, ta bushe a wurin.

Na sayo uku. Na haƙa rami a ƙasar bayan gida, baƙa mai danƙo, na cika da taki har da ƙari, na dasa, na jera duwatsu a kewaye don ado. Kullum na dawo aiki sai na ba su ruwa, a garin da ko ba ka roƙa ba sama na zubarwa. Da farko suka yi kore shar, suka kumbura, farin ya dushe, ni kuwa ina ta murna. Kafin Janairu ya ƙare na taɓa ɗaya da yatsa, sai ya fita a hannuna kamar dafaffiyar albasa, gindin ya yi baƙi yana wari. Biyu suka tafi haka.

Na ɗora laifin a kan sanyi. Wata tsohuwa maƙwabciyata ce ta leƙo ta kan shinge, ta dubi ramin, ta yi dariya.

"Ɗana, wannan ba sanyi ba ne. Kai ka nutsar da su."

Na ce, "Iya, ai shuka sai da ruwa."

Ta ce in tuna inda suka fito. A kan tsauni dusar ƙanƙara ce ke lulluɓe su duk hunturu, suna kwance a ƙarƙashinta ba tsamo-tsamo ba. In ta narke, ruwan ya bi tsakuwa ya gangara, bai kwana a wuyansu. Sanyi kam sun fi ni jure shi nesa ba kusa ba.

Na ukun da ya rage na tono shi a watan Maris. Wannan karon tudu na yi. Na haɗa ƙasa da tsakuwa ƙanana rabi da rabi, ko ƙwayar taki ban sa ba, kuma wallahi hannuna sai da ya yi ta ƙaiƙayi. Na kafa fala-falan duwatsu biyu a tsaye, na bar tsaga kamar faɗin yatsu biyu, na cusa saiwar can ciki, tsiron ya ɗan kishingiɗa yadda ruwa ba zai taru a tsakiyarsa ba. Sannan na tura tsakuwa ƙarƙashin ganyen har ya zamana babu inda ya taɓa ƙasa. Wannan tsakuwar ta wuya, a ganina, ta fi komai muhimmanci. Wurin yana samun rana da safe, da rana ta take kuma inuwar shinge ta rufe shi.

Sai tsuntsaye suka sa shi gaba, suna tsige 'ya'yan da ya fitar a gefe suna neman tsutsa. Nakan tsince su in mayar cikin tsakuwa, yawanci su kama.

Shekara ta biyu, a watan Yuni, da'irar tsakiya ta fitar da kara mai tsawon kusan taƙi ɗaya, da fararen furanni ƙanana a kai. Bayan furen ya zube sai ta bushe ƙurmus. Gabana ya faɗi, na ruga wurin Iya. Ta ce haka ɗabi'arsa take, wadda ta yi fure takan mutu, 'ya'yan da ta bari a gefe su cike gurbin, kamar dai ayaba. Na cire busasshiyar da tsinke, na zuba tsakuwa a ramin, na ƙirga 'ya'ya bakwai a kewaye. Biyu na ba Iya, ta dasa a tsagar katangarta.