Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Zola

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda Kawu ya sayo talabijin mai kala ya ajiye a zauren gidanmu da ke Tudun Wadan Kaduna. A wannan akwatin na fara ganin mutumin da ya sa na kamu da son aikin horar da yara ƙwallo, wato Gianfranco Zola.

Ranar 5 ga Yulin 1994 ce, Najeriya da Italiya a gasar cin kofin duniya a Amurka. Zaure ya cika maƙil, yara har kan taga. Amunike ya ci mana tun kafin hutun rabin lokaci. Can a zagaye na biyu sai kocin Italiya, Arrigo Sacchi, ya sako wani gajeren ɗan wasa, bai yi minti 15 a fili ba suka yi kokawar ƙwallo da Eguavoen, alƙalin wasa ɗan Meziko ya zaro masa jan kati. Muka kaure da ihu. Kawu kaɗai ya girgiza kai ya ce, "Ku yi shiru, wallahi an zalunci yaron nan." Na ce, "Kawu, ai mu gaba ta kai mu." Ya ce, "Zalunci ba ya zama alheri don ya faɗa wa wani." Ranar ce Zola ya cika shekara 28 a duniya, kuma bai sake taka wasan kofin duniya ba har ya yi ritaya. Abin da Baggio ya yi mana a minti na 88 da kuma cikin ƙarin lokaci, kowa ya sani, ba sai na fama mana ciwo ba.

Daga nan na shiga bin labarinsa. Ɗan tsibirin Sardiniya ne, daga wani ƙaramin gari mai suna Oliena. A 1989 Napoli ta ɗauko shi daga ƙaramar ƙungiyar Torres, ya zauna a bayan Maradona yana koyon bugun tazara, suka ci kofin Seriya A a 1990. Ya koma Parma a 1993, ya ci kofin UEFA a 1995. Da Carlo Ancelotti ya karɓi Parma sai ya ga tsarinsa na 4-4-2 ba shi da gurbin irin Zola, aka sayar da shi ga Chelsea a Nuwamban 1996 a kan fam miliyan 4.5. Kafin kakar ta ƙare ya ci kofin FA, marubuta wasanni na Ingila kuma suka zaɓe shi gwarzon shekara.

A 1997 Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, ya sauka a Chelsea daga Anderlecht, kuma tun daga lokacin gidajen kallo na unguwarmu suka fara cika duk ranar da Chelsea ke wasa. Mun je ganin namu ne, amma idona na kan mai lamba 25, wato Zola. A wasan ƙarshe na gasar Cup Winners' Cup ta Turai da Stuttgart a 1998 ya taso daga benci, kafin ya cika minti ɗaya ya ci ƙwallon da ta ba su kofi. Ita kuwa wadda ya ci Norwich a 2002, da aka bugo kusurwa ya tare ta a sama da dunduniya, na ga yara a layinmu sun shafe makonni suna gwada ta da ƙwallon roba, suna faɗuwa suna tashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne tafiyarsa. A 2003, daidai lokacin da Abramovich ya sayi Chelsea kuɗi suka fara ambaliya, shi ya riga ya yi wa Cagliari alkawari, ƙungiyar tsibirinsu da ke rukuni na biyu. Ya tafi, ya haye da su Seriya A, ya rataye takalmi a 2005.

Aikin koci bai yi masa daɗi kamar wasa ba, wannan gaskiya ce. West Ham ta ɗauke shi a 2008, ya kai ta ta 9, kaka ta gaba ta ƙare ta 17 aka sallame shi. Amma ni Watford ɗinsa nake tunawa. A 2012 aka tara masa 'yan wasan aro, da yawansu daga Udinese, kowa da yarensa, ya mayar da su ƙungiya mai ajiye ƙwallo a ƙasa tana kai hari ba tsoro. Wasansu da Leicester na neman gurbin hawa Firimiya a Mayun 2013 na kalle shi a tsaye: an ba Leicester fenariti a ƙarshen lokaci, Almunia ya tare, aka sake bugowa ya sake tarewa, cikin daƙiƙa kaɗan Deeney ya zura a ɗaya ragar. Zola ya ruga a guje bakin fili har ya zame ya faɗi. A wasan ƙarshe Crystal Palace ta doke su da ci 1 a Wembley, hawa Firimiya ya kufce musu. Cagliari da Al-Arabi ta Katar duk bai daɗe ba, a Birmingham kuwa wasa 2 kacal ya ci cikin 24.

Abokaina na cewa ya cika kirki, koci sai da zafi. Ban yarda ba. Na ga masu zafin da aka kora da wuri fiye da shi, kuma a galibin wuraren nan an kira shi ne bayan abubuwa sun riga sun dagule.

Bayan wasan Leicester ɗin nan ne na je wajen mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, ina neman izinin tara yaran nan a filin makaranta bayan la'asar." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, za ka iya da iyayensu?" Yadda muka kwashe da iyayen, musamman wata Hajiya da ta biyo ɗanta har fili da bulala a hannu, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.