Abin da kalmar crown ta koya mini a aji

Ina koyar da Turanci a sakandare, kuma ba abin da ke ba ni wahala kamar ɗalibi ya haddace ma'ana guda ya rungume ta, ya ƙi saki. Ka ce masa crown, ya ce kambi. Da gaskiyarsa. Amma ranar da ya karanta cewa a 1900 Crown ta karɓi mulkin Arewa daga hannun kamfanin Royal Niger, sai ya tsaya cik. Hular zinariya ce ta zo Lakwaja ta kafa tuta?

Da tafiya ta yi tafiya, na gane bin saiwar kalma ya fi haddar ƙamus sauƙi, ga yara da ni kaina. Turanci ya aro wannan daga Faransancin Normawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Kafin zuwansu mutanen Ingila na da tasu, cynehelm, wato kwalkwalin sarki. Faransanci ya gaje ta daga corona ta Latin, ita kuma ta fito daga korone ta Girkanci, sunan abin da ya lanƙwashe, irin su mariƙin ƙofa.

Inda na fi daɗewa da su shi ne Rum, domin a can corona ba kayan sarki ba ce tun farko. Ganye ake kitsawa ya zama zobe, a ɗora wa wanda ya yi bajinta. Sojan da ya ceci ran ɗan ƙasa a fagen fama yana samun ta ganyen itacen oak. Wadda ta fi kowace daraja kuwa ta ciyawa ce, sojoji ke tsinko ta a filin da kwamanda ya fitar da su daga ƙawanyar abokan gaba. Ciyawa fa! Alamar sarauta daban take, farin ƙyalle ne da ake ɗaurawa a goshi, kuma Rumawa sun tsane shi. Shi ya sa Julius Kaisar ya ƙi karɓarsa a bainar jama'a a shekara ta 44 kafin Miladiyya.

Daga nan ma'anonin suka rabu gida biyu. Akwai na siffa, abin da ya kewaye ko ya hau ƙoli: tsakar kai, saman haƙori, jijiyoyin da suka zagaye zuciya, hasken da ke bayyana a gefen rana lokacin husufi. Wannan hasken, da ake kira corona, shi ne ya sa masana suka raɗa wa ƙwayar korona suna a 1968, don siffarta ta yi kama da shi.

Sai na iko. Idan Bature ya rubuta Crown da babban baƙi, hukuma yake nufi, wadda ba ta mutuwa ko sarki ya mutu. Nan ba na shan wahalar bayani, don mu ma idan muka ce rawani ya bar gidan wane, kowa ya san ba zancen yadi ake ba. A wannan reshe aka samu coroner, mai binciken musabbabin mutuwa, muƙamin da aka kafa a 1194 don kare haƙƙin sarkin Ingila. Haka tsabar sule biyar ta Ingila a da, da ake kira crown, da kuɗin Denmark da Norway da Sweden, da ake kira krone ko krona har gobe.

Aji kan farka ne idan na zo kan Toyota. Akwai Crown tun 1955, ga Corona, ga Corolla, ƙaramin kambi ke nan da Latin. Camry kuwa daga kanmuri take, kambi da Japananci, ba ruwanta da Rum. Ba a rasa mai ɗaga hannu ya ce ai kanmuri da kambinmu 'yan uwa ne. Sai in ce masa kama da wane ba ta wane, ya kawo mini hanyar da kalmar ta bi daga Japan zuwa Kano, mu duba tare.